Me ya sa magoyin baya ke ƙara kare gwaninsa bayan ya ba shi kunya?

A shekarar 1959, Leon Festinger da James Carlsmith, masana ilimin halayyar ɗan Adam, suka wallafa sakamakon wani gwaji da suka yi a Jami'ar Stanford ta Amurka. Sun sa ɗalibai wani aiki mai gundura na tsawon awa guda: jera ƙananan kwarkwaron zare a kan faranti, sannan murɗa wasu turaku ɗaya bayan ɗaya. Da aka gama, sai aka roƙi kowannensu ya gaya wa mai jiran layi cewa aikin yana da daɗi. Wasu an ba su dala 20 ladan wannan ƙarya, wasu kuwa dala ɗaya tak.

Daga baya aka tambaye su ainihin ra'ayinsu. Waɗanda suka karɓi dala ɗaya su ne suka fi cewa aikin ya yi musu daɗi.

Festinger ya riga ya bayyana dalili a littafinsa na 1957, inda ya kira lamarin cin karon tunani: damuwar da mutum ke ji idan abin da ya aikata ya saɓa wa abin da ya sani. Mai dala 20 yana da uzuri, kuɗi ne suka sa shi. Mai dala ɗaya ba shi da abin kafa hujja, ga shi kuma ba ya ganin kansa maƙaryaci. Tunda ba zai iya janye maganar ba, sai zuciyarsa ta gyara ra'ayin ya dace da ita.

A nan ne batun ya shafi siyasa. Ɗan jagaliyar da aka biya yakan sauya sheƙa ba tare da wata damuwa ba. Wanda abin ke yi wa wuya shi ne matashin da ya yi kamfe kyauta, ya ɓata da abokai a Facebook, ya kwana yana tsaron ƙuri'a. Idan gwaninsa ya saɓa alkawari, amincewa da hakan tamkar yanke wa kansa hukunci ne. Sai ka ji ya ce mutanen da ke kewaye da shugaban ne matsalar, ko kuma labarin ƙage ne na 'yan adawa.

Wannan ba alamar jahilci ba ce, domin mai ilimi ma ya fi iya ƙirƙiro hujja. Kuma gwargwadon yadda mutum ya bayyana matsayinsa a bainar jama'a, gwargwadon nauyin janye shi. Shi ya sa tono tsofaffin rubuce-rubucen mutum don a yi masa gori sau da yawa ƙara kafe shi yake yi a inda yake.