Ko Ka Sani? Aguwa, Tinya da Nonon Kurciya 'Yan Gida Ɗaya Ne

Aguwar da manoma ke shinge da ita a Sakkwato da Maraɗi, da tinyar da ke fitowa tsakanin duwatsun Filato, da nonon kurciyar da ake tattakawa a bakin hanya, duk zuriya ɗaya ce. Masana tsirrai na kiran zuriyar Euphorbia, kuma ire-irenta sun kai wajen 2,000 a duniya. Alamarsu ita ce farin ruwa mai kama da nono da ke tsattsafowa da zarar an karya reshe.

Sai dai nonon wata ya fi na wata sharri. Na tinya yana ɗauke da sinadarin resiniferatoxin, wanda zafinsa ya ninka na sinadarin barkono sau ɗaruruwa. Ɗigo ɗaya a ido na iya jawo makanta. Maharba sun daɗe suna haɗa shi cikin dafin kibiya, masunta kuma su zuba a ruwa kifi ya taso. Wannan sinadarin ne kuma likitoci a Amurka suka gwada don rage raɗaɗin masu cutar daji da ta yi nisa.

Aguwa ba ta kai nan ba, amma dabbobi ba sa son ta, ga ta da saurin kamawa: a sari reshe a kafa a yashi, shi ke nan. Shi ya sa a Nijar ake dasa ta don tare tudun rairayi. Ita kuwa nonon kurciya baƙuwa ce daga yankin Amurka, ta bazu ta zama ciyawa.

A cikin zuriyar, waɗanda ke cikin haɗarin ƙarewa su ne masu ƙaramin mazauni. Euphorbia obesa, wata dunƙulalliya kamar ƙwallo, a busasshen yankin Karoo na Afirka ta Kudu kaɗai take fitowa. Girmanta a hankali yake, kuma akwai namiji akwai mace, dole a samu biyun kusa kafin a yi iri. Masu sha'awar furannin tukunya suka yi ta tumɓuke ta har ta yi ƙaranci a daji, alhali ta cika gidajen renon tsirrai a Turai. Kyanta ne ya ja mata.

A Madagaska lamarin ya fi muni, domin ga masu tumɓuka, ga gobarar daji da saran itace don gawayi. Tun 1975 yarjejeniyar CITES ta sa ido kan cinikin ire-iren Euphorbia masu kaurin jiki tsakanin ƙasashe, ba a fitar da su sai da takardar izini. Iri 10 'yan Madagaska kuwa suna rukunin farko na yarjejeniyar, wanda aka haramta sayar da na dajinsa zuwa wata ƙasa.