Yadda rubutu yake zama littafi

Kowane littafi da ke cikin aji, wani mutum ne ya fara rubuta shi. To, yaya wannan rubutu yake zama littafi?

A da, babu injin buga littafi a ƙasashenmu. Idan malami ya yi talifi, sai almajiransa su kwafe shi da tawada da alƙalami. Haka aka riƙa yi da waƙoƙin Alhaji Umaru, mutumin Kano, wanda ya zauna a Salaga, kudu da Tamale, cikin ƙasar Gana ta yau. Kwafi yana cin lokaci, don haka mutane kaɗan ne suke samun karantawa.

A shekarar 1933, Hukumar Talifi ta Zariya ta shirya gasar rubuta labarai da Hausa. Shugabanta, wani Bature mai suna Rupert East, ya zaga garuruwa yana neman malamai su rubuta. Wani saurayi, Abubakar Imam, yana koyarwa a Katsina, shekarunsa 22. Ya rubuta labarinsa, ya aika Zariya. Aka karanta, aka yi gyare-gyare, sannan aka buga shi da sunan Ruwan Bagaja. Aka kuma buga Ganɗoki na wansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Da Imam ya ɓoye takardunsa cikin akwati, da gara ta cinye su, ba wanda ya san labarin.

Har yau hanyar ba ta sake ba sosai. Da farko, marubuci yana tsabtace rubutunsa, ya ajiye kwafi guda a wurinsa don kada ya ɓata. Sai ya aika wa kamfanin buga littattafai, tare da wasiƙa mai bayyana abin da littafin ya ƙunsa da waɗanda aka rubuta dominsu. A can, masu dubawa suna karanta shi da natsuwa. Wani rubutun a karɓa, wani a mayar don a gyara, wani kuma a ƙi shi. Marubucin kirki ba ya fushi: yana gyarawa, ya sake aikawa.

Idan an karɓa, sai a sa hannu a takardar yarjejeniya. Ita ce take faɗin rabon marubuci cikin kuɗin da za a samu. A Amurka da Ingila, akwai wakilai masu kai rubutun marubuta wurin kamfanoni. Aikinsu kamar na dillali ne a kasuwa, suna karɓar la'ada in ciniki ya faɗa.

Tambayoyi
1. Yaya ake yaɗa rubutu kafin zuwan inji?
2. Wane littafi Abubakar Imam ya aika Zariya?
3. Don me marubuci yake ajiye kwafi a wurinsa?