Idan Makullin Wanke Tankin Ruwa Ya Cije

A Cadakori da sauran garuruwan Gidan Rumji, Agye da Gazawa, tankunan ruwa sun yawaita: na gari, na makaranta, na asibiti, da na masu lambu. A gindin kowane tanki akwai wani makulli da ake buɗewa don a zubar da dattin da ya kwanta a ƙasa. Masu aikin famfo suna ce masa bawul. Shi ne muka fi mantawa da shi, sai ranar da muka tashi wanke tanki mu tarar ya cije.

Me ke sa shi cijewa?

Ƙasarmu jigawa ce, ruwan da famfo ke turowa yakan zo da rairayi. Ƙurar hunturu ma tana shiga idan murfi bai rufe sosai ba. Duk wannan a bakin makullin yake taruwa. Ga kuma tsatsa, da wani farin ɓawo da ruwa ke bari a jikin ƙarfe. Makullin da ya shekara ba a juya shi ba, waɗannan abubuwa ne ke kama shi.

Ina ruwan lafiyarmu da wannan?

Tankin da ba a iya zubar da dattinsa ba ya wankuwa. Laka da gansakuka su taru, ƙwayoyin cuta su sami wurin zama, yara su sha su kama gudawa. Ba mu manta da cutar amai da gudawa da ta ɓarke a Madarumfa a shekarar 2018 ba. Ruwa marar tsabta shi ne babbar hanyar wannan cuta.

Yadda za mu kwance shi

Mu fara sanin irinsa. Akwai mai kai kamar ƙaramin sitiyari, wanda ake murzawa sau da yawa: hagu buɗewa, dama rufewa. Akwai mai hannu, wanda ake juyawa sau ɗaya: in hannun ya bi tsawon tiyo a buɗe yake, in ya gitta a rufe yake.

1. Mu tsai da famfo, mu bari jama'a su ɗebe ruwan tanki har ya yi ƙasa, don nauyin ruwa na ƙara danne makulli.

2. Mu goge tsatsa da ƙasar da ke jikinsa da buroshi.

3. In na ƙarfe ne, mu zuba masa ruwan zafi, sa'an nan mu ƙwanƙwasa jikinsa a hankali da guntun icce. In na roba ne, ruwan ɗumi ya isa, kuma ba a bugunsa.

4. In farin ɓawo ne ya kama shi, mu jiƙa tsumma da ruwan lemun tsami, mu naɗe shi ya kwana.

5. Mu ɗiga mai kaɗan a sandar da ke juyawa, daga waje kawai. Kada baƙin mai ko kananzir su shiga ciki: suna ɓata ruwan sha, suna kuma cin robar makulli.

6. Mu riƙa juya shi kaɗan gaba, kaɗan baya, har ya saki. In mai sitiyari ne, sassauta notin da ke ƙarƙashin kan yana taimakawa, amma mu ɗaure shi bayan mun gama.

Abin da za mu kiyaye

Kada mu zura dogon ƙarfe a hannun makulli mu danna da ƙarfi, kada kuma mu gasa shi da wuta. Garin neman gira sai a rasa ido: hannun ya karye, ko gindin tanki ya tsage, gari ya kwana ba ruwa. In mun gwada duk wannan bai motsa ba, mu kira mai gyaran famfo ya sauya shi. Kuɗin sabon makulli bai kai na sabon tanki ba.

Bayan ya buɗe

Mu wanke cikin tanki, mu tambayi ma'aikacin lafiya adadin ruwan jabel da za mu sa, mu ɗauraye sosai. Ruwan wankin kuwa mu ja masa hanya zuwa ramin da aka cika da tsakuwa, don kada ya kwanta sauro ya hayayyafa, ko dabbobi su sha.

Muna kira ga kwamitocin kula da ruwa da su ɗora wa mutum ɗaya nauyin buɗe wannan makulli da rufe shi sau ɗaya kowane wata, a kuma wanke tanki kafin damina da bayanta. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka.