Abin da Ke Korar Ma'aikatan Jinya Daga Sashen Kulawa ta Musamman

Yau shirin namu zai leƙa sashen kulawa ta musamman na asibiti, inda ake kwantar da majinyatan da ke rai kwakwai mutu kwakwai, mu ji dalilin da ya sa ƙwararrun ma'aikatan jinya ke tattara nasu ya nasu suna barinsa.

In ka tambaya, za a ce maka gajiya ce da ƙarancin albashi. Duk gaskiya ne, amma ba shi ke nan ba. Tun 1984 wani masanin falsafa Ba'amurke, Andrew Jameton, ya yi bayanin wani ƙunci da ke cin masu wannan aiki: mutum ya san abin da ya kamata a yi wa majinyaci, amma dokar asibiti, ko umarnin na gaba, ko rashin kayan aiki ya ɗaure masa hannu.

A wannan sashe abin ya fi tsanani. Likita kan zagayo, ya duba, ya yanke shawara, ya wuce. Nas ce ke tsaye a bakin gado, sau da yawa awa 12 cur. Ita ke juya majinyaci, ta zuƙe masa majina daga bututun da ke maƙogwaronsa, tana ganin yadda fuskarsa ke yamutsewa. A ce wani dattijo ne da ƙoda da huhu duk sun gaza, dangi sun ce a ci gaba da yi masa magani, babu kuma wanda ya zaunar da su ya faɗa musu gaskiya. Ita ta san wahala kawai ake ƙara masa. Ba a nemi ra'ayinta ba, amma da hannunta ake aikin.

Annobar korona ta fito da wannan fili. A Birtaniya ƙa'ida ita ce nas ɗaya ga majinyaci ɗaya da ke kan na'urar numfashi. A farkon annobar, cikin 2020, an amince nas ɗaya ta kula da har mutum 6, da taimakon waɗanda aka aro daga wasu sassa. Na'ura biyu su yi ƙara a tare, wajen wa za ta fara zuwa? Ga shi an hana dangi shiga, ita ce ke riƙe waya iyali su yi ban kwana da nasu.

Jama'a sun riƙa fitowa ƙofar gida suna yi musu tafi duk ranar Alhamis da ƙarfe 8 na dare. Madalla, amma tafi bai ƙara ko mutum ɗaya a bakin gado ba. A Disamban 2022 babbar ƙungiyar ma'aikatan jinya ta ƙasar, RCN, ta shiga yajin aikin da ba ta taɓa yin irinsa ba cikin shekara 106, a kan albashi da lafiyar majinyata. A Amurka kuwa, ƙungiyar ma'aikatan jinyar wannan sashe, AACN, ta tambayi ma'aikatan jinya fiye da 6,000 a 2021, kashi 66 cikin 100 suka ce sun yi tunanin barin aikin ɗungurungum.

Masu bincike biyu, Elizabeth Epstein da Ann Hamric, sun nuna a 2009 cewa ƙuncin ba ya gushewa da rasuwar majinyaci ko sallamarsa. Saura yake bari, kamar ƙanzo a gindin tukunya, na gobe ya hau kan na yau, har ranar da mutum zai ajiye aiki. Wadda ta tafi kuma ba a maye gurbinta da wuri, domin ƙwarewa a wannan sashe sai da shekaru. Nauyinta sai ya koma kan waɗanda suka rage.

Wasu asibitoci kan tura ma'aikata bitar juriya, ka ce laifin na zuciyarsu ne. Gyaran na tsari ne. Jihar Kalifoniya ta fara aiki da doka a 2004 wadda ta hana a ba nas fiye da majinyata 2 a wannan sashe.

Guraben da suka buɗe a Birtaniya kuwa, har da 'ya'yanmu ake cike su. Hukumar ma'aikatan jinya da ungozoma ta Najeriya ta ce fiye da 15,000 suka bar ƙasar a 2023 kaɗai. Wadda ta zauna a gida ita ce ke kallon majinyaci na neman iskar oksijin, dangi na can waje suna fafutukar haɗa kuɗi.

Shugabannin asibitoci, ku ƙara hannu a bakin gado, ku kuma ba nas kujera a wurin da ake yanke shawara kan majinyacin da take jinya.