Kula da Yara Masu Lalurar Galahanga a Yankin Noman Rani na Kura da Bunkure

Galahanga lalura ce da ta shafi bunƙasar ƙwaƙwalwa. Alamominta sukan bayyana kafin yaro ya cika shekara 3: jinkirin magana, ƙin haɗa ido, rashin waiwayowa idan an kira sunansa, da yawan maimaita abu guda. Ba aljanu ba ne, ba sammu ba ne, kuma ba laifin uwa ba ne.

A yankinmu babban haɗari shi ne ruwa. Magudanan da ke kawo ruwan Tiga zuwa gonakin Kadawa sun ratsa kusa da garuruwa, waɗannan yara kuwa sukan sulale daga gida, ruwa kuma yana jan hankalinsu. Don haka muna ba iyaye shawara su sa sakata inda hannun yaro ba ya kaiwa, su kuma sanar da maƙwabta halinsa. Idan ya ɓace, a fara duba bakin ruwa. A kulle maganin feshi da taki.

Ƙarar injin ban-ruwa ko na casar shinkafa takan firgita wasunsu. A janye yaro zuwa wuri mai shiru, kada a doke shi, kada a ɗaure shi. A tsayar masa da lokacin abinci da na barci, a riƙa yi masa gajeriyar magana.

Muna kira ga dagatai, masu unguwanni da malaman makaranta da su hana tsangwamar waɗannan yara. Wanda ya ga alamun ya je asibiti mafi kusa, domin a tura shi ga ƙwararru a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.