Kafin Ka Sayi Na'urar Ƙara Zangon Wi-Fi a Gida, Ga Abin Da Ya Kamata Ka Sani

Yanzu a unguwanninmu, tun daga Agege da Idi-Araba da Mile 12 a Legas, zuwa Sabo da Shasha a Ibadan, har Ama Hausa a Owerri, gidaje da dama sun rage sayen data ɗaiɗai a kowace waya. Sai a haɗa kuɗi a sayi rauta guda, a riƙa zuba mata data ta wata, kowa ya jona. Lissafin ya fi sauƙi, amma yana zuwa da tasa rigimar. Wanda ɗakinsa ke kusa da rautar yana kallon bidiyo ba tsayawa, na ɗakin ƙarshe kuwa sai ya fito tsakar gida kafin saƙonsa na WhatsApp ya tafi, alhali kuɗi ɗaya suka biya.

Idan ka kai wannan kuka wajen masu sayar da kayan waya, abin da za su miƙo maka shi ne wata 'yar na'ura da ake makalawa a soket. Wasu na ce mata ekstenda, wasu ripita. Na sa ta a gidanmu, na kuma taya wasu maƙwabta sawa. Akwai gidan da ta yi maganin matsalar, akwai kuma gidan da matsalarsa tun asali ba irin wadda take magani ba ce. Shi ya sa na ga ya dace a yi bayaninta, don kada mutum ya zubar da kuɗinsa a banza.

Mene ne aikinta?

Ka tuna yadda ake yi a babban masallaci idan wuta ta ɗauke, lasifika ta mutu. Ladan yakan ɗaga murya ya maimaita kabbarar liman don sahun baya su ji. To haka ekstenda take. Tana kama Wi-Fi ɗin da rautarka ke fitarwa, ta sake watsa shi gaba zuwa inda bai kai ba.

Abu biyu za ka ɗauka daga nan. Na farko, dole ta zauna inda ita kanta take jin rautar sosai, don wanda bai ji liman ba ba abin da zai jiyar da na baya. Na biyu, ba ta ƙara komai daga wajenta. Ba a sa mata layi, ba ta ƙara data, ba ta ƙara ƙarfin sabis ɗin da ke shigowa gidan daga ƙarfen kamfani. Abin da rauta ta samu, shi take miƙawa.

Fara gano inda ciwon yake

Wannan gwajin shi ne mafi muhimmanci, kuma ba ya cin ko sisi sai 'yar data. Ka tsaya dab da rautar da wayarka, ka buɗe fast.com ko manhajar Speedtest, ka rubuta lambar da ta nuna. Sannan ka tafi ɗakin da ake kuka da shi, ka sake gwadawa. Ka yi da safe, ka kuma yi bayan isha'i lokacin da kowa ya hau intanet. Kada dai ka yi ta maimaitawa, gwajin kansa yana shan data.

Idan a kusa da rauta abin na gudu, a ɗakin ƙarshe kuma ya faɗi warwas ko ya yanke, to Wi-Fi ne bai kai ba, kuma ekstenda za ta iya taimaka maka. Idan kuwa har a gaban rautar ma yana jan ƙafa, matsalar daga sabis ɗin layin ne, ko kuma kun cinye kason da kamfani ya ware kafin ya rage gudu, don yawancin tsarin da ake cewa ba shi da iyaka yana da wani mizani da idan an wuce shi ake rage saurin. A nan ko ekstenda goma ka jera ba abin da zai canza. Maganin shi ne ka matsar da rautar kusa da taga, ko ka gwada layin wani kamfanin da ya fi ƙarfi a unguwarku.

A kula kuma, ekstenda daban take da na'urar nan mai eriya a saman rufi da ake cewa busta, wadda ke ƙara sabis ɗin kiran waya. Hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta yi gargaɗi cewa sayarwa ko kafa irin wannan busta ba tare da izini ba laifi ne, saboda tana dagula sabis ɗin sauran jama'a. Ekstenda ta Wi-Fi ba ta cikin wannan.

Gwada abin da ba sai ka biya ba

Sau da yawa inda aka ajiye rautar ne matsalar. Za ka tarar an cusa ta bayan talabijin, ko a ƙasan gado don kada yara su taɓa, ko cikin durowa an kulle. Wi-Fi igiyar rediyo ce, kuma akwai abubuwan da ke cinye ta: bangon bulo da siminti, dakin bene mai rodi a ciki, ƙofar ƙarfe, kwano, babban madubi, firji, da tankin ruwa. Irin gidajen hayarmu na Legas, ɗakuna a jere suna kallon juna, kowane da ƙofar ƙarfe, kafin Wi-Fi ya ratsa bango uku ko huɗu ya gama galabaita.

Saboda haka ka fito da rautar fili, ka ɗaga ta sama kamar tsayin mutum, ka kawo ta tsakiyar gidan gwargwadon hali. Idan tana da eriya, ka miƙar da su sama. A gida mai dogon lungu, rautar da ke kallon lungun ta fi wadda ke ƙuryar ɗaki kaiwa nesa. Wani gidan wannan kaɗai ya ishe shi.

Abin da za ka duba a jikin kwali

Za ka ga an rubuta 2.4GHz ko 5GHz, ko duka biyun. Waɗannan hanyoyi biyu ne da Wi-Fi ke bi. Ta 2.4 ta fi nisan zango, ta fi ratsa bango, amma cunkoso ya yi mata yawa, don rautocin maƙwabta da kayan Bluetooth duk a kanta suke. Ta 5 ta fi gudu, ta fi sarari, amma ba ta jure bango.

Ekstenda mai araha, wadda aka rubuta wa N300, hanyar 2.4 kaɗai gare ta. Da baki ɗaya take saurarar rauta, da shi kuma take magana da wayarka, kuma ba ta iya yin duka biyun a lokaci guda. Shi ya sa gudun da ke bi ta cikinta yake raguwa kusan rabi. Masu AC750 ko AC1200 suna da hanya biyu, kuma wasunsu na iya karɓa ta ɗaya su watsa ta ɗayar, sai asarar ta ragu. Kada lambar ta ruɗe ka. AC1200 jimilla ce aka yi, 300 na hanyar 2.4 da 867 na hanyar 5, kuma lissafin takarda ne, a gida ba za ka ga ko kusa da haka ba.

To wacce za ka saya? Ya danganta da abin da ke shigowa gidan. Idan rautarka mai layin 4G ce, ko 'yar ƙaramar MiFi, abin da take samu daga ƙarfen sabis bai cika kai abin da N300 ke iya ɗauka ba, kuma da yawa daga cikin irin waɗannan rautoci 2.4 kaɗai suke fitarwa. Don kiran bidiyo, tura kuɗi da kallon YouTube, ƙarama ta wadatar, tunda YouTube ɗin ma 5Mbps yake nema don hoto mai kyau na 1080p. Amma idan kana da rautar 5G, ko an ja maka faiba, ko Starlink, to sayen N300 tamkar ka ɗaure doki da turken akuya ne. Nemi mai hanya biyu.

Ka duba kuma ko tana da ramin kebul a jikinta, zai yi maka amfani nan gaba. Ka duba bakin fulogin, mai ƙafa uku irin na Ingila shi ne daidai da soket ɗinmu. Idan tokumbo ce daga Amurka, ka karanta jikinta ka tabbatar an rubuta 100 zuwa 240V kafin ka kusantar da ita wutarmu. Masu MiFi su sani cewa tana da iyakar wayoyin da take ɗauka, galibi wajen 10, kuma ekstenda ba lallai ta ɗage wannan iyakar ba.

Inda za a makala ta

A nan ne mutane da yawa ke ɓata aikin. Sai su kai ekstenda cikin ɗakin da babu Wi-Fi ɗin su jona, wayar ta nuna sanda cike, amma komai ya ƙi buɗewa. Sandar da ka gani tsakanin wayarka ne da ekstenda, ita kuwa ba ta samun komai daga rauta. Wurinta shi ne tsakiya, tsakanin rauta da ɗakin da ke da matsala. Ka bi da wayarka, inda har yanzu kake ganin sanda uku cikin huɗu, nan za ka nemi soket. Yawancinsu suna da 'yar fitila da ke nuna ko wurin ya yi ko ya yi nisa.

A gidanmu ɗakin babana ne a ƙarshe, kuma shi ne ya fi kowa buƙatar abin. Kafin ya tura kuɗin shanu sai dillali ya zagaya da shi kasuwa ta kiran bidiyo, daga Potiskum ko Maigatari, ya ga kowane sa da idonsa. Idan hoto ya tsaya cak ana tsakiyar ciniki, wani ya riga shi. Da muka makala ekstenda a lungu, a saman ƙofar ɗaki na uku, kiran ya daina yankewa.

Haɗawar ba wuya. Ka fara jona ta kusa da rauta, ka danna maɓallin WPS a jikin rauta, sannan ka danna na jikin ekstenda cikin minti biyu, ka jira fitila ta tsaya. Daga nan sai ka cire ta ka kai inda za ta zauna, ba za ta manta ba. Idan rautarka ba ta da WPS, ka shiga Wi-Fi ɗin ekstendar da wayarka, ka bi adireshin da ke rubuce a jikinta, ka zaɓi sunan Wi-Fi ɗinku ka sa kalmar sirri. Sau da yawa za ta fito da sabon suna mai EXT a ƙarshe. Ka gaya wa mutanen gida su riƙa duba wanda suke kai, don waya takan maƙale wa na nesa ko da na kusa ya fi ƙarfi.

Maganar wuta

Yawancin ekstenda ba su da batir. Rautarka na iya ci gaba da aiki da batirinta ko fawa bank idan Nepa ta ɗauke, ita kuwa nan take za ta mutu. Idan gidan na da inbata ko sola, ka tabbatar soket ɗin da ka zaɓa yana kan layinsu, wutar da take ci ba ta wuce ta ƙaramin ƙwan fitila ba. Idan babu, akwai masu shan wuta ta USB da za a iya jona wa fawa bank, sai dai ba su kai sauran nisa ba. Kuma a riƙa kashe soket ɗin kafin a juya daga janareta zuwa Nepa, don wutar da ke dawowa da ƙarfi ita ke ƙona irin waɗannan ƙananan kaya.

Idan gidan ya fi ƙarfinta

Gida mai bene biyu ko uku, ko shago a waje gida a ciki, ekstenda ɗaya ba za ta iya ba, kuma jera ta biyu a bayan ta farko ƙara rage gudu yake yi. Abin da ya fi shi ne a ja kebul ɗin intanet daga rauta zuwa can, yana kai mita 100 ba tare da ya rage komai ba, sai a jona shi a ramin ekstenda ko wata tsohuwar rauta, ta riƙa watsawa daga nan. Akwai kuma masu bin wayar lantarkin gida, amma sai soket biyun suna kan layi ɗaya, ga shi wayarin ɗin gidajen haya kowa ya san yadda yake. Mai hali kuma sai ya nemi tsarin da ake kira mesh, na'urori biyu ko uku masu aiki da suna ɗaya, ya fi tsada amma ya fi kwanciyar hankali.

A kasuwa da bayan an dawo gida

Ko Computer Village ta Ikeja ka je, ko Alaba, ko kasuwar garinku, za ka ga TP-Link, Tenda, Mercusys, Xiaomi da sauransu, kuma farashi na bin dala, don haka ka taya a shago biyu ko uku. Ba a cinikin biri a sama. Ka sa a jona ta a gabanka, ka kunna hotspot ɗin wayarka a gwada ta kama. Ka karɓi rasit, ku kuma yi magana a fili cewa idan ba ta dace da rautarka ba za ka dawo da ita a canza.

In an gama sawa, a canza kalmar sirrin da ta zo da ita, a sa mai tsawo wadda ba lambar wayar mai gida ba. Yanzu Wi-Fi ɗinku ya leƙa har titi da gidan maƙwabta, kuma yara kan raba kalmar sirri kamar gyaɗa. Ka riƙa shiga manhajar rauta kana duba wayoyi nawa ke kai. Ku kuma shirya cewa data za ta fi saurin ƙarewa, ba don na'urar na sha ba, sai don waɗanda da ba sa samu yanzu sun samu. Idan haɗaka kuka yi, gara ku zauna ku sake lissafin kuɗin wata tun kafin a fara zargin juna.

Allah ya sa mu dace, ya ba kowa sa'ar abin da ya fito nema.