Daga tashe zuwa sinima: Yadda musayar kaya ta zama hanyar barkwanci

Da zarar azumi ya kwana 10, yara a Tambuwal da Kebbe, kamar sauran garuruwan Hausa, kan fito tashe bayan shan ruwa. Wani ya manna gemun auduga ya zama tsoho, wata ta sa riga da hula ta zama Daudu, mijin Mairama. Dariya ake yi, amma a ciki akwai hannunka-mai-sanda ga ma'aurata kan zaman gida.

A Ingila, irin wannan wasa ya tashi daga dandali ya shiga sinima. Arthur Lucan ya yi suna da shigar mata a matsayin Old Mother Riley, wata tsohuwa mai wankau da ba ta barin ko-ta-kwana, matarsa Kitty McShane kuma tana fitowa a matsayin 'yar tsohuwar. An yi ta fitar da finafinan daga 1937 zuwa 1952. Lucan ya rasu a 1954 a birnin Hull, yana dab da hawa dandali.

A Kannywood ma, marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, ya kwaikwayi karairaya da salon maganar 'yan daudu a fim ɗin Ibro Ɗan Daudu.

Sai dai finafinan Lucan da na Ibro suna nan a adane, tashe kuwa a bakin yara yake rayuwa. A Kano, 'yan sanda sun sha dakatar da shi saboda ɓata-gari da ke fakewa da wasan. Duk azumin da ya wuce ba a fito ba, ƙanne sun rasa damar koyo daga yayyensu.